Goron da Na Kai wa Mai Unguwar Faisal

Shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi ce, canjin nan da ya sa masu shadda suka riƙa zuwa ƙofata da kwanon gero suna neman musayar daddawa. Damina ta ɗauke, an yanke gero ba a kai ga dawa ba, kuma ba a yi sadakar arba'in ta Malam Sule mai gyaran rediyo ba tukuna. A tsakanin nan na tafi Masar. Tun da na dawo Gumel kuwa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Gidan suna tambaya, gidan gaisuwa tambaya, har a layin asibiti wata ta taɓo ni ta ce, "Hajiya Asabe, wai kin ga kabarin Fir'auna?" Ban gan shi ba. Ban je don shi ba, shi ma bai aiko a kira ni ba. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na sa aka rubuta sau ɗaya yadda na faɗa, na kuma ce kada a gyara mini magana don an ga ban yi boko ba. Wadda ta sake tambaya a karanta mata.

Abin da ya kai ni shi ne ƙanena Ilu. Yana rarrafe mahaifiyarmu ta rasu, a bayana ya yi wayo, har yau in sanyi ya sauko nan ne wurin da ke fara yi mini ciwo. Ya yi karatu, gwamnati ta tura shi Amurka, ya zauna can yana aikin ruwan famfo har gashin kansa ya ƙare. Matarsa ta fari ta rasu, 'ya'yansa suka zama mutanen can, ya auri Nafisa, Bahaushiyar Sudan. Da ya ajiye aiki na ce alhamdulillahi, yaro zai dawo gida. Sai na ji ya sauka a Alƙahira. Duk wayar da muka yi maganarsa ɗaya ce: "Yaya, bari in gama da zancen harajin nan." Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, haraji bai ƙare ba. Ranar sunan jikar Hajiya Balaraba, tsakar gida cike da mata, na miƙe na ce zan je in taho da shi, kuma duk wadda ta gan ni na dawo ni kaɗai ta canza mini suna. Ba wanda ya tambaye ni. Ni na faɗa da bakina.

Motar Kano ba ta da labari, in ban da direban da ya ce kayana kayan mutum uku ne, na ce masa ai ni ma mutum uku ce in an auna. Na ɗauki daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da kilishi, da farin goro na naɗe shi cikin ganye na yayyafa ruwa. A jirgi kuwa, da yake na taɓa hawa lokacin aikin Hajji, na zauna kamar na gadonmu ne. Wata yarinya a kusa da ni na ga ta yi shiru, na ce tsoro ne, na kama koya mata ɗaura ɗamara, na ce in ya tashi ta riƙe hannuna kada ta ji kunya. Ta riƙe kuwa, baiwar Allah. Sai da muka yi nisa na ji tana gaisawa da masu rabon abinci da sunayensu. Ashe 'yar kasuwa ce mai sarin dogayen riguna, hanyar ta fi sanin ta a kan hanyar gidan ubanta.

Ita ce ta cece ni a wurin masu duba kaya. Wani mai gashin baki ya buɗe robar daddawa, ya ja da baya, ya kira ɗan uwansa, shi ma ya shinshina ya kira na uku. Suka yi ta Larabci da sauri, ba irin na Alƙur'ani ba. Na ce wa yarinyar, "Me suke cewa?" Ta ce, "Hajiya, suna tambaya wai mece ce wannan kafin ta mutu." Ni da ake aiko wa daga Haɗeja a sayi daddawata. Na ce ta faɗa musu kalwa ce, kuma hancin da bai san ta ba bai san miya ba. Ban san abin da ta faɗa musu ba, na dai ga sun rufe robar da sauri sun ce in wuce. Kilishin ne suka riƙe, wai nama ba ya shiga. Allah ya sa sun ci da albasa.

A waje na yi ta raba ido ina neman Ilu. Wani tsoho mai sanƙo da sanda ya tsaya a gabana, na kauce masa ina leƙen bayansa. Ya ce, "Yaya." Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Wa ya ba ka izinin tsufa ina raye?" Ya yi dariya, ni kuma na ja mayafi na goge ido na ce hayaƙin motocinsu ne.

Hayaƙin kuwa akwai shi. Mutanen Alƙahira da hon suke gaisawa, da shi suke faɗa, da shi suke ba da haƙuri. Unguwar su Ilu sunanta Faisal. Benaye ne manne da juna, in ka miƙa hannu ta taga sai ka karɓi gishiri a gidan maƙwabci. Mace ba ta sauka sayen tumatir, kwando take zurowa da igiya daga sama, mai shago ya zuba ta janye, kamar mai ɗiban ruwa a rijiyar da aka kifa. A ƙofar benen da Ilu ke haya na ga wani dattijo zaune a kan benci, da babbar riga mai faɗin hannu, da farin rawani, da kofin shayi a gefe. Duk mai shiga sai ya gaishe shi, duk mai fita sai ya gaishe shi. Ilu ma ya ba shi hannu, na kuma ga ya cusa masa wani abu a tafi. Na ce, "Wane ne wannan?" Ilu yana fama da jakata ya ce, "Ammu Jabir ke nan. Shi ke riƙe da wurin nan, ba mai shiga ko fita bai sani ba." Na rusuna na gaishe shi. A raina na ce to, ko ba komai suna da mai unguwa mai kwarjini.

Akwatin ƙarfen da ke hawa da mutane sama, yana motsawa sai ya kama karanta addu'ar tafiya da kansa. Na ce ƙasar da ƙarfe ke addu'a ai ta tsira. Muna tsakanin hawa da hawa wuta ta ɗauke, muka tsaya cikin duhu, ni da Ilu da robar daddawa, har sai da Ilu ya ce shi ma yanzu ya fahimci mai gashin baki.

Nafisa ta karɓe ni hannu biyu, ba zan ci amanarta ba. Abincin ne dai. Da safe wake da gurasa. Da rana in an ce za a yi maka gata sai a kawo kushari, wato shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar an kankaro gindin tukwanen unguwa. Akwai miyar da suke ji da ita, mulukiyya, aka yi ta yi mini shela kafin a kawo. Da na ɗanɗana na ce, "Nafisa, wannan ai lalo ne, a bayan ɗakina yake fitowa ba wanda ya shuka shi." Abin da ya bambanta, matan Masar in za su zuba tafarnuwa a ciki sai sun ja numfashi da ƙarfi kamar an tsorata su, wai in ba haka ba miyar ba ta daɗi. Ranar da na fara jin maƙwabciya ta yi, da gudu na fita da carbina na ɗauka rasuwa aka yi.

Da na huta, wata safiya na zaunar da Ilu a baranda na ce ya warware mini harajin nan da ya fi ƙarfin damina biyu.

Ya ce, "Yaya, kin san asusu. Tun ina aiki, duk wata ana yankar wani abu a albashina ana jefa mini a asusun tsufa, ba a cire masa haraji ba. Sai ranar da ka fasa ake cirewa."

"To ka fasa mana."

"Gwamnatin tarayyarsu za ta ɗauki nata ko ina nake, wannan ba gardama. Rigimar ta jiha ce. Jiha ba ta duba inda ka tara kuɗin, tana duba ko kai mutuminta ne ranar da ka ciro. Wata jihar ba ta karɓar komai. Tawa kuwa hannunta nauyi gare shi. Wani abokina sai da ya kwashe kayansa ya koma jihar da ba ta karɓa, ya zauna sosai, sannan ya taɓa nasa."

Ya faɗa mini sunan jihar tasa sau ba adadi, ba ya zama a bakina. Jihar bakin ruwa nake ce mata.

Na ce, "Kai da ka bar musu ƙasar gaba ɗaya?"

"Sai su ce ci-rani na tafi, zan dawo. Suna duba ko ka bar gida a can, ko lasin tuƙinka nasu ne, ina likitanka, ina iyalinka, ina kake jefa ƙuri'a. Sai ka nuna ka tashi da gaske, kuma ka kafu a wani wuri da gaske, ba da niyyar komawa ba. Shi ya sa nake zaune a nan tukuna."

Na yi dariya har na buga cinya. Na ce, "Ilu, wannan shi ne abin da Turawa suka zauna suka ƙirƙiro? Ai harajin dagaci ne." Na ba shi labarin da bai sani ba, don lokacin ba a haife shi ba. Da mahaifinmu ya tashi daga ƙauyenmu na asali ya dawo kusa da gari, yaron tsohon dagaci bai daina bin mu ba. Duk kaka sai ga shi a kan jaki, wai sunan Baba yana wurinsu, rumbunsa ma yana tsaye, don haka nasu ne. Sai da Baba ya rushe rumbun, ya ɗauki goro ya je gaban sabon dagaci da shaidu, ya ce ga ni, ni naka ne, nan zan zauna nan za a binne ni, aka shafa fatiha. Daga ranar mai jaki bai sake zuwa ba, don babba ba ya karɓar haraji a hannun talakan babba.

Ilu ya ce, "Kusan haka ne, Yaya."

"To ka kai goro?"

"Nan ba a kai goro."

A raina na ce ga inda boko ya kai yaron nan: shekara da shekaru yana zaune a ƙasar mutane bai miƙa kansa ga mai ƙasa ba, yana mamakin an ƙi sakinsa. Na yi lissafina tsaf. In mai unguwa ya karɓe shi, jihar bakin ruwa ta sake shi. In ta sake shi, ya fasa asusu. In ya fasa asusu, ba sauran uzuri, sai jirgin Kano. Abin da ya rage mini tafinta, kuma ba Ilu ba, ba Nafisa ba, don yara ne za su hana ni.

A nan Hajja Zainaba ta shigo labarin, mahaifiyar Nafisa. Yaƙin Sudan ne ya koro ta, tana zaune da sauran danginta a wata unguwa da ake kira Ardul Liwa. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka tashi a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Hausarta irin ta kakata ce, tsohuwa tukuf, sai dai kowace magana da jelar Larabci. Tun haɗuwarmu ta fari muka gane juna. Na ce mata, "Ku ne kuka tafi Makka kuka ɓuge da barci a hanya." Ta ce, "Mu mun tashi dai. Ku kuna can kuna gadin rumbu." Tsohuwa ce siririya mai lalle har wuyan hannu, in tana dariya ba ta buɗe baki.

Na sa Nafisa ta kai ni gaishe ta. Muka hau ƙaramar bas wadda ƙofarta ba ta rufuwa, kuɗin mota yana tafiya hannu da hannu daga baya har gaba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi ba wanda ya taɓa. Wannan kam na yaba musu. Daga nan a-daidaita-sahu cikin lunguna. Hajja ta dafa mini gahawa da citta mai kama maƙogwaro. Da Nafisa ta shiga wurin 'yan uwanta na matsa na faɗa mata shirina duka, har da jirgin Kano. Ni da wayona, na faɗa wa uwar matar mutum cewa zan ɗauke mata suruki.

Ta juya kofinta ta ce, "Mai unguwar wa?"

"Dattijon nan mai rawani na ƙofar bene. Ammu Jabir."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Tamam, shi ke nan. Yaushe?"

Muka sa ranar da Ilu zai je ganin likitan gwiwa da Nafisa. Bayan la'asar na ci ado, leshin da na ɗinka don bikin 'yar Hajiya Balaraba, da mayafi mai nauyi. Na jera goro a faranti na rufe da farin ƙyalle, na haɗa da turare da shaddar da na zo wa Ilu da ita. Hajja ta iso, muka sauko tare. Ammu Jabir yana kan bencinsa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara kamar ana karya kara. Bawan Allah ya zabura ya miƙe har shayinsa ya zube. Hajja ta faɗa masa wani abu a taƙaice, ya koma ya zauna a bakin benci yana raba ido. Na ce a raina, ka ga tawali'un manya.

Kafin in buɗe baki mai guga na gefen titi ya matso, mai shago ya matso, wasu mata suka leƙo daga sama. Na ce madalla, ga shaidu Allah ya kawo. Na fara. Ku da kuka san ni kun san in na fara ba a tsayar da ni. Na yi masa kirari, na ce ranka ya daɗe, inuwar unguwa, mai ƙofar da ba a ƙetarewa. Na jero asalin Ilu tun daga kakan kakanmu mai fataucin kanwa. Na faɗi yadda na goye shi, da yadda jihar bakin ruwa ta sa shi a gaba. Duk doguwar maganar da na yi, Hajja sai ta juya ta a kalma uku ta yi shiru. Na ce, "Hajiya, ai ban ji kin kai kakanmu ba." Ta ce, "Larabci gajere ne."

Ammu Jabir ya yi magana yana nuna ni. Hajja ta ce, "Yana tambaya, baƙo kika kawo masa ko ɗan gida?"

Na ce, "Ɗan gida."

Ya sake magana. Ta ce, "Ya ce na ɗan lokaci ne, ko zama ne na gaske? Don in akwai niyyar tashi, shi ba ya karɓa."

Na tuna Ilu ya ce abin da jihar ke nema ke nan. Na ce a raina magana ce ta kunnen Turawa. Na ɗaga murya don na sama su ji, na ce, "Zama ne na gaske."

Ya ƙara magana. Hajja ta ce, "In ajali ya zo fa?"

Wannan ta yi mini nauyi. Amma mata suna kallo daga sama, ni kuma ban taɓa fara magana a gaban jama'a na bar ta a hanya ba. Na faɗi abin da Baba ya faɗa. Na ce, "Nan zai zauna, nan za a binne shi. Ni na goye shi, ni na ba ku shi."

Hajja ta ɗaga hannu ta ce, "Alfatiha." Wannan ba ta buƙatar tafinta. Mai guga ya ɗaga, mai shago ya ɗaga, Ammu Jabir ya ɗaga, ni ma na ɗaga. Muka shafa. Na miƙa goro. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, na nuna masa ci ake yi. Ya gatsa. Fuskar nan ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, amma ya haɗiye, ya bi da sauran shayi, ya dafa ƙirji ya yi godiya. Na hau sama ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina zaune a falo Nafisa ta buɗe. Sai ga mai unguwa, ya tattare riga ya ɗaure a ƙugu, tukunyar gas a kafaɗa, yana haki. Ya ajiye ta a kicin, ya ɗauki ledar shara, ya hango ni ya washe baki ya ce, "Ya Hagga," wato Hajiya a bakinsu. Na miƙe tsaye na ce, "Nafisa, ba ki da kunya? Mai unguwa da kansa kike ba shara?"

Ta ce, "Wane mai unguwa, Yaya? Bawwab ne. Mai gadi. Shi ke share bene yana wanke motoci."

Ammu Jabir kuwa ya kama hannun Ilu yana zuba bayani, yana nuna ni, yana nuna ƙirjinsa. Ilu ya saurara, ya dube ni, ya zame ya zauna a kujera yana dariya har sandarsa ta faɗi. Nafisa ta shige kicin ta rufe ƙofa, amma ana jin ta. Ni dai ina tsaye. Na durƙusa wa hakimai ban kai yadda na durƙusa wa mai wankin mota ba, da leshina, a bakin titi.

Da la'asar Hajja ta zo, wai ta zo duba gwiwar surukinta. Na tare ta a baranda na ce, "Kin sani."

"Na sani."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Fassara kika ce in yi miki. Ba ki ce in faɗa miki ko shi wane ne ba. Ke da kika zo da saninki tun daga Gumel."

"Tambayoyin nan fa, har da ta ajali, shi ya yi su?"

Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Shi tambayarsa ɗaya ce, ya yi ta sau uku. Wai tsohuwar nan lafiyarta ƙalau kuwa?"

Na so in yi fushi, kuma na fara. Sai ta ce, ba dariya a muryarta, "Hajja Asabe, na bar gidana da tukunya a kan wuta. Mijina a hanya muka binne shi, ban san sunan garin ba. 'Yar nan ita kaɗai ta rage mini mai rufin kanta. Kika zo har ɗakina kika sha gahawata kika ce za ki kai ta inda ƙafata ba za ta iya zuwa ba. Ke da ce ni, me za ki fassara?" Na san abin da zan fassara, kuma da ya fi nata muni.

Ilu ya ji mu. Bayan ta tafi ya fito ya zauna kusa da ni, dariyar safe ta bar fuskarsa. Nafisa ta ji a bakin tsohuwarta, ta riga ta faɗa masa kalmomin da na furta kafin fatiha. Ya ce, "Yaya, akwai abin da ban faɗa miki ba. Gidan can na sayar tun kafin in taso. Lasin na mayar, sunana na cire daga masu zaɓe. Mai duba mini harkar harajin ta ce tun bara ba su da sauran hannu a kaina. Na ma fara cira."

Na ce, "To zaman me kake yi?"

"Ko Gumel na koma tun farko, haka za su sake ni. Su ba ruwansu da inda na je, in dai na tafi."

"Tambayarka na yi, zaman me kake yi?"

Ya sunkuyar da kai kamar ranar da ya fasa mini tulu yana yaro. Ya ce, "Na zo gida shekarun baya, kin tuna. Na fita masallaci, yara suna nuna ni suna cewa ga baƙon Hajiya. Abokaina duk suna maƙabarta. Nan ga likitana, ga Nafisa, ga tsohuwarta, 'ya'yana ma nan ya fi musu sauƙin zuwa. Na kasa faɗa miki, sai na ɓuya a bayan haraji." Sannan ya ce, "Amma in kin ce in tattara, zan tattara. Ke kika goye ni. Abin jiya wasa ne, mai gadi ne, ba wanda zai riƙe ki da shi."

Da gaske yake, na san muryarsa. Kalma ɗaya zan faɗa in shiga Gumel da shi a gaba, matan gidan suna su haɗiye dariyarsu. Na dube shi, tsoho mai sanda, yana jira in yanke masa inda zai ƙarasa kwanansa kamar yadda nake yanke masa lomar tuwo. Na leƙa ƙasa, ga Ammu Jabir can yana wanke motar wani, rawanin a kan benci.

Na ce, "Mai gadi ne, na ji. Fatihar fa, ita ma ta gadi ce?"

Ya ɗago kai ya dube ni.

Na ce, "Na ba da kai a gaban shaidu, na shafa. Ban taɓa ba da abu na dawo na ce a ba ni ba, ba kuma zan fara a ƙasar mutane ba. Ka zauna. Amma shaddar nan taka ce na ba mai gadin, ka sani, kada ka ga ya ɗinka ka yi tsammanin irin taka ce."

Ya kama hannuna ya riƙe. Na bar shi ya riƙe kaɗan, sannan na ce ya sake ni in je in nuna wa matarsa yadda ake kaɗa kuka.

Ranar tafiyata Ammu Jabir ne ya sauko da jakata, ya ƙi karɓar ko sisi, wai yanzu mu dangi ne. Hajja ta aiko mini da gahawa da citta, na bar mata sauran daddawar, kowa ya san abin da yake nufi. Na sauka Kano ni kaɗai. Sunan da na ce a canza mini kuwa an canza, yanzu Hajiya Balaraba Jakadiyar Mai Gadi take ce mini, ina kuma amsawa.

Cikin waɗanda suka raka Ilu tasha ranar da ya fara barin garin nan, Baba ya tafi, Kawu Ɗanjuma ya tafi, malamin da ya yi masa addu'a da direban da ya ɗauke shi duk sun tafi. Saura ni da Gwaggo Tabawa, wadda idonta ya rufe, kunnenta ne kawai ke aiki. Ita na fara zuwa gaisarwa. Ta lalubo hannuna, ta saurari bayana ta ji ba takun kowa. Ta ce, "Bai zo ba?" Na ce, "Ya samu wuri, Gwaggo." Ta ce, "An dai miƙa shi hannun babba?" Na ce an miƙa.